Tsayuwa a Bakin Igiya

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, ihu take yi. Goɗiyarta ta kwashe da ita a filin bargar mahaifinta, tana jan linzami da hannu biyu, goɗiyar kuwa sai ƙara wuta take yi.

"Saki hannu ɗaya!" Dogo, sabon mai horar da dawakin, ya ɗaga murya. "Ja na hagu kawai, juyo kanta!"

Goɗiyar ta yi ta kewaye har ta tsaya. Auta ta sauko, shi kuma yana ƙunshe dariya. Daga ranar kullum sai ta ƙirƙiro dalilin zuwa barga.

Da Baba ya ji maganar aurenta da Dogo sai ya haɗe rai. Shi a wurinsa, namiji shi ne mai fizgar linzami doki ya zame. Dogo kuwa zama yake gyarawa kan sirdi, ya sauke numfashi, doki ya tsaya. Ga ɗan kawunta ya nace yana sonta, shi kuma gwanin fizga.

"A ja igiya," in ji Baba. "Wanda ya tsayar da baƙin ingarma a bakinta, shi zan saurara."

Ɗan kawun ya fara, ya zame dokin daidai, aka tafa. Dogo ya karɓi linzami, ya leƙa bakin ingarman, ya miƙa wa Baba.

"Ku yi haƙuri, Baba, ba zan hau ba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba, kuka kuwa har idanunta suka kumbura. A na huɗu ta rubuta: "Ashe ban kai ka hau doki domina ba?"

Ya amsa: "Autata, bakinsa a tsage yake, jini yake haɗiya. In na ja shi zan same ki, amma da wane ido zan kalle ki? Ni ma ba na iya cin abinci."

Ta kai wa Baba wayar. Ya karanta, ya saka takalmi ya nufi barga. 

Bayan mako biyu, da baki ya warke, Baba ya sa aka sake jan igiya. Dogo ya hau da ragama kawai, ba ƙarfen linzami. Ingarman ya taho a sukwane, Auta ta runtse ido. Da ta buɗe, ga shi tsaye cak, amma ƙafafun gaba sun haure igiyar da taku guda.

"Na wuce, Baba," in ji Dogo, murya a sanyaye.

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni. Shekara talatin ina tsaga bakin dawaki ina kiran abin gwaninta. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kansu, hawaye na bin gemunsa.

"Ka riƙe min ita a hankali. Allah ya yi muku albarka."