Wasiƙar Inna Haulatu

Ku gyara zama, yarana. Labarin yau ba na dariya ba ne, amma ku bi ni a hankali har ƙarshensa.

A Fatakwal aka yi shi, a unguwar Diobu, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Hausawan da suka gudu Arewa sun fara dawowa. Kuɗin mai ya shigo gari. Masu hali suna sayen rediyo da babur, wasu har da talabijin.

A wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu akwai wata yarinya 'yar aji shida. Babanta mahauci ne. Duk gidan babu wanda ya kai ta iya karatun Turanci. Abin da ta fi so shi ne ƙananan littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke kawowa daga Anacha. Takan ɓoye su a ƙarƙashin tabarma.

Ƙawarta Sa'a kuwa a ɗakinsu aka fara sa talabijin. Kowace Laraba da yamma yaran gidan sukan cika ɗakin. Ana nuna wani wasa na 'yan makaranta masu bin sawun mugaye. Su laɓe, su leƙa, su tona asiri.

"Littattafanki duk kuka ne da wasiƙa," in ji Sa'a.

"Naki wasan fa? Duk gudu ne da ihu," in ji yarinyar. "Ni a littafi nake sanin halin mutane."

Innarta tana tankaɗen gari ta ji su. Ta ce, "Da littafin da akwatin, duk wani ne ya zauna ya shirya su. Ke dai ki zo ki ɗauraye min kwanuka."

A ɗakin ƙarshe akwai Malam Kallamu mai sayar da albasa da matarsa, Inna Haulatu. Mace ce mai shiru. Ba a taɓa jin ta da kowa ba. Ita ce ke yi wa yarinyar kitso kyauta.

Wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, yarinyar ta je ɗiban ruwa. Sai ta hango Inna Haulatu a bayan tanki. Tana tsaye da wani direban babbar mota, Inyamuri, mai suna Nduka. A Zariya aka haife shi, yana jin Hausa sosai. Ya buɗe wata takarda yana karanta mata ƙasa-ƙasa. Da ya gama, ta karɓa ta rungume a ƙirji tana hawaye.

Yarinyar ta tsaya tana kallo. Haka dai ake yi a littattafanta, babu bambanci.

Ta ruga wurin Sa'a. Juma'a biyu suna laɓewa bayan tulin itace kamar yaran talabijin. Ba su ji ko kalma ɗaya ba.

"To ranar da kika fara ganinsu, me yake ce mata?" Sa'a ta tambaya.

Yarinyar ba ta so ta ce ba ta sani ba. Sai ta ɗauko maganar da ta haddace a littafi. "Cewa yake ba ya iya barci saboda ita. Wai zai ɗauke ta a motarsa su gudu."

"Da kunnenki kika ji?"

"Da kunnena."

Sa'a ta gaya wa yayarta. Yayar ta faɗa a wurin niƙa. Kafin sati ya zagayo, maganar ta kai kasuwar albasa.

Ranar Juma'a ta gaba Nduka ya zo da sabuwar wasiƙa, yana sauri, fuskarsa a sake. Bai kai tanki ba samari suka tare shi. Suka fasa masa goshi da dutse, suka farfasa gilashin motarsa. A lokacin ciwon yaƙi bai gama warkewa a zukatan mutane ba. Da ƙyar dattawa suka ƙwace shi.

Malam Kallamu ya tsinci wasiƙar a ƙasa. Bai iya boko ba, kuma kunya ta hana shi ba wani ya karanta masa.

Inna Haulatu ta durƙusa gabansa. "Malam, wallahi Gimba nake nema."

Gimba ɗansu ne tilo. Yana da shekara huɗu lokacin gudun hijira. A tashar jirgin ƙasa ta Inugu, cikin turmutsitsi, hannunsa ya suɓuce daga nata. Shekara takwas ke nan. An yi masa addu'a, an yi sadaka. Malam Kallamu ya hana a sake ambatonsa, domin duk sanda aka kawo labarin ƙarya, Inna Haulatu takan kwanta ciwo. Shi ya sa ta roƙi Nduka a ɓoye ya riƙa yi mata cigiya a garuruwan da yake zuwa.

"Kada ki fake da yaron da ya rasu," in ji shi. "An ji abin da mutumin nan ke faɗa miki. Ki haɗa kayanki. Ranar Litinin motar albasa za ta koma Arewa, da ke za ta tafi."

Matan gidan suka daina gaishe ta. Idan ta zo famfo, sai su janye bokitansu.

Yarinyar ta kasa cin abinci. Ranar Asabar ta ga Inna Haulatu tana ɗaure tukwanenta da igiya. Matar ta ɗago kai ta ce, "Zo, 'yata. Kitsonki ya tsufa. Bari in gyara miki kafin in tafi."

Yarinyar ta juya da gudu.

Ranar Lahadi a makarantar Islamiyya, Malama Ruƙayyatu ta same ta ita kaɗai bayan an tashi.

"Ke da ba ki rufe baki, yau lafiya?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai. Ta ce, "Malama, zan ƙona littattafan nan duka."

"Littafi ne ya je wurin niƙa?" in ji Malama. "Ni ma ina karanta labarai, ina kallon wasa. Akwai masu kyau, akwai na banza. Amma wanda aka jefa da dutse a talabijin, in an gama sai ya goge jan ruwan da aka shafa masa ya tafi gida. Goshin Nduka fa? Ɗinki biyar aka yi masa."

"To yaya zan yi?"

"A inda kika faɗi ƙarya, a nan za ki faɗi gaskiya. Yau, ba gobe ba."

Ta koma gida ta gaya wa babanta. Ya dube ta ya ce, "Kin san Nduka ne ya ɓoye mutum shida a motarsa lokacin tashin hankali? Ni ne na shidan."

Ya kama hannunta. Ya sa aka tara mutanen gida a tsakar gida bayan la'asar.

Yarinyar ta fito tsakiya. Ta ce, "Baba Kallamu, ban ji komai ba. Na ga yana karanta takarda, shi ke nan. Sauran a littafi na ɗauko."

Sa'a ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce na yaɗa."

Malam Kallamu ya sa hannu a aljihu ya fito da wasiƙar. Ta yi laushi don yawan taɓawa. Ya miƙa wa yarinyar.

"Tunda kin iya karatu, karanta wannan. Abin da ke ciki kawai. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta buɗe. Wata tsohuwa ce ta sa aka rubuto daga Anacha. Yarinyar tana karantawa tana mayarwa da Hausa. Tsohuwar ta ce ta tsinci wani yaro a tashar Inugu shekara takwas da suka wuce. Ta goya shi duk tsawon yaƙi. Yana da tabon ƙuna a ƙafar hagu. Da aka tsince shi, akwai laya mai jar fata a wuyansa, kuma ta adana ta har yau.

Malam Kallamu ya zame ya zauna a ƙasa. "Ni na ɗinka layar nan," ya ce. "Tabon kuma na garwashi ne."

Ya dubi matarsa. "Haulatu, ki yafe mini."

Washegari motar albasa ta tafi Arewa babu Inna Haulatu. Dattawa suka ɗauki yarinyar da samarin nan zuwa gidan Nduka. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya taɓa bandejin goshinsa ya yi murmushi.

"Ƙaramar malama, kin kusa ki sa in daina aikin alheri," ya ce. "Tashi. Amma nan gaba ki riƙa tambaya."

Shi da kansa ya kai Malam Kallamu da Inna Haulatu Anacha, a motar da ba ta da gilashi. Bayan kwana uku suka dawo da wani dogon yaro mai kama da Malam Kallamu sak. Tsohuwar ma ta rako shi, ta yi sati guda a gidan. Gimba ya manta Hausa, sai yaren Ibo. Aka ɗora wa yarinyar aikin koya masa kowace yamma, ta kuwa yi da zuciya ɗaya.

Ba ta ƙona littattafanta ba. Ranar Laraba kuma tana zuwa kallo ɗakin su Sa'a. Amma daga ranar, idan aka tambaye ta abin da ba ta sani ba, sai ta ce, "Ban sani ba."

To yarana, ku yi karatu, ku yi kallo, ku ji daɗi. Sai dai ku tuna labarin littafi da na talabijin shirya su aka yi, maƙwabtanku kuwa mutane ne masu jini da hawaye. Kada ku faɗi abin da ba ku ji ba, kada ku ɗora wa mutum labarin da ba nasa ba.

Nan na kawo ƙarshensa. Ku tashi ku wanke hannu, tuwo na jira.