Hoton Mai Ginin Tukwane

Fuska ce kawai ta rage a hoton da mai zane take yi wa ƙawarta mai ginin tukwane, sai ciwo ya kwantar da ƙawar. Shi ya sa da aka turo ƙofar ɗakin zanen bayan duhu ya shiga, mai zane ta ga ƙawar ce, har buroshi ya suɓuce mata don murna.

“Ke Gajera! Wa ya bar ki kika fito?”

“Na gaji da kwanciya. Ƙarasa hoton nan yau, kuma kada ki ƙara mini hanci.”

Gajera ta zauna a kujerar bakin ƙofa. Ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu ya cika ɗakin har ya danne warin fenti. Mai zane ta gyara fitila, ta miƙa buroshi tsawon hannu, ta runtse ido ɗaya don ta auna faɗin goshi.

Babu kowa a kan kujerar.

Ta buɗe idon, ga Gajera zaune tana murmushi. Ta sake runtsewa a hankali. Kujera ce kawai, sai ƙofar da ke bayanta, kuma babu wata hanyar fita.

“Bari in ɗebo ruwan wanke buroshi,” in ji mai zane.

“Ga ruwa nan kusa da ke.” Murmushin bai motsa ba. “Ƙawata, daina rufe idon nan. In ba kya ganina sosai ne, bari in matso.”