Rigar Sojan Kaka

"Ka ba ni rigar nan yanzu, an sallamo Kaka daga asibiti."

Auta ce ta faɗi haka tun daga bakin ƙofa, ko sallama ba ta yi ba, sai haki take. Saurayinta ya ɗago kai daga kan dogon teburin da yake aiki, farar safa a hannunsa, ya yi mata wannan murmushin da ya saba kashe mata jiki.

"Masoyiyata, shigo mana ki ga abin da na gano..."

"Ban zo kallo ba. Tana gida, kuma ka san abin da za ta fara lalube."

A gidan adana kayan tarihi yake aiki, bincikensa kaf a kan tsofaffin rigunan kwat na soja. Mutum ne da zai wuni yana yi maka bayanin bambancin mai aljihu biyu da mai huɗu, da mai tsayayyen wuya da mai kwantacce, har ka manta abin da ya kawo ka. Shi ya sa Kaka ta raɗa masa Sarkin Maɓalli. Tun ranar da ya hango rigar marigayi kakan Auta rataye a ƙusa a ɗakin tsohuwar, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Wai irinta kaɗan aka ɗinka kafin a sauya yayi, a hoto kawai ya taɓa gani. Ya roƙi aro, Kaka ta ce ko da wasa.

To, so bai bar Auta ta yi tunani ba. Da aka kwantar da Kaka, da hannunta ta cire rigar ta kai masa, a kan zai duba ya dawo da ita ba wanda ya ji. Ita kuwa Kaka ita ce uwa ita ce uba a wurinta, kuma maganar aurensu a bakin tsohuwar take.

"Dubi nan," ya ce yana ɗaga murfin aljihun ƙirji a hankali. "Kin ga mai tsini ne, sauran duk a miƙe suke. Ga maɓallan tagulla, babu tambari a bayansu. Wannan kaɗai ya isa ya..."

Auta ba ta jin sa. Rigar take kallo. Ta yi fes, wuyan da ya yi baƙi saboda daɗewa ya koma kalar sauran jikin, kafaɗun sun miƙe kamar yau aka karɓo ta daga tela.

Ta ɗago ta dube shi.

"Me ka yi mata?"

"Asu na samu a cikin shafinta, sun fara ci. Dokar wurin nan ce, sai an sa a firiza ƙwarin su mutu, sannan a goge dattin, a bi da tururi. Da na bar ta, wallahi nan gaba kaɗan sai tsumma. Na ce bari in yi wa Kaka abin arziki."

Ta fizgi rigar ta kai hancinta wajen wuyan. Ta sake shaƙa, ta juya hammata, ta shaƙa. Babu komai. Sai wani ɗan warin magani mai sanyi.

"Wayyo Allah... ka kashe ni."

"Me ya faru? Ko zare ɗaya ban tsinka ba."

"Kaka ba ta gani, ka manta? Kai kallon rigar kake, ita shinshinawa take. Kullum da safe sai ta cusa fuskarta a wuyan nan ta gaishe shi. Tabarsa, man gashinsa, guminsa... abin da ya rage mata kenan."

Ya zare safar a hankali.

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ta yaya zan faɗa maka sirrin tsohuwa? Cewa ka yi dubawa za ka yi."

A mota, sai da suka kusa gida ya yi ƙarfin hali.

"Ko mu tsaya mu sayi irin tabar... mu ɗan turara ta?"

"Mu ƙara mata ƙarya a kan sata?"

Ya mayar da idonsa kan titi.

Sun tarar da Kaka zaune a bakin gado, ta rame, hannunta na shafa bango daidai inda ƙusar take.

"Auta, ke ce? Na ji takun mutum biyu. Ko angon nawa ne ya zo duba ni hannu rabbana?"

"Ni ne, Kaka. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi. Wa ya taɓa min riga?"

Auta ta durƙusa, ta ɗora mata rigar a cinya.

"Ni ce, Kaka. Ni na ba shi aro."

Tsohuwar ta laluba rigar. Yatsunta suka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, suka shafa aljihun, suka hau kafaɗa. Sannan ta ɗaga rigar ta kifa fuskarta a wuyan. Ta daɗe a haka, har Auta ta ji kamar numfashinta zai ɗauke. Da ma ta yi faɗa, da ma ta ɗaga hannu ta mare ta, da ya fi mata sauƙi.

Kaka ta sauke rigar.

"Kun wanke shi."

"Kaka, laifina ne," saurayin ya ce. "Asu ne suka..."

"Na san da asun, ɗan nan. Tare muke zaune da su, ba su taɓa cinye min abin da nake so ba."

Ta ninke rigar tsaf, hannu a kan hannu, irin ninkin matar da ta saba. Ta miƙa ta saitin da take jin muryarsa.

"Ungo. Ka daɗe kana so. Kai ta wurin aikinku a rataye, mutane su kalla."

"Don Allah Kaka, ki riƙe abarki..."

"In yi me da ita? Riga ce yanzu."

Ta kwanta ta juya fuskarta bango.

A bakin ƙofar gida ya tsaya rungume da rigar, idonsa ya yi ja.

"Auta... ki ce wani abu. Zan dawo gobe, zan dawo jibi, zan yi ta durƙuso har ta haƙura."

"Za ta haƙura. Na san halinta, har auren ma ba za ta hana ba."

"To, alhamdu lillahi, in dai..."

"Ni ce ba zan iya ba."

Ya zuba mata ido kamar bai ji da kyau ba. Ita kuwa tana son sa, a wannan lokacin ma son sa take har cikin ƙashinta, shi ya sa maganar take fita da ƙyar.

"Da kai kaɗai ka yi, da tun a mota na yafe maka, don ba ka sani ba. Ni na sani. Na san abin da rigar nan take a wurinta, na cire ta don kawai ka yi min murmushi. Duk ranar da ka sake yi min shi, bayan nan da Kaka ta juya mana zan riƙa gani."

"Masoyiyata..."

"Tafi da ita, don Allah. Ka kula da ita, ka iya wannan."

Ta tura ƙofar ta sa sakata, ta jingina da ita, hawaye na zuba. Tana ji bai motsa daga wajen ba. Can daga ɗaki muryar Kaka ta fito, a gajiye.

"Auta, zo ki cire min ƙusar nan daga bango, kar in riƙa kai hannu."