Katangar da Wongani Ya Karkata

Tiyamike ta fara ganin Wongani Gondwe ne da kwanon siminti a kanta, a filin da majalisar garinmu ta ware wa marasa muhalli bayan tsohuwar kasuwar taba. Yana bisa tsani yana jera tubali. Ya dube ta, ya ci gaba da aikinsa ba tare da ya janye idonsa ba, katangar kuwa ta bi idon nasa ta karkata.

"Malam magini," in ji ta, "wannan bango ne ko gaisuwa yake yi?"

"Ladabi ne da shi. Ya ga babbar mace."

Tsarin majalisar mai sauƙi ne. Ita ce da fili da kwanon rufi, jama'a ke da ƙarfi. Kowa zai gina gidajen duka, ba tare da ya san wanne ne nasa ba, sai an gama a zuba makullai a bokiti kowa ya ɗauka. Hikimar ita ce kada wani ya kyautata nasa ya yi wa na maƙwabci ha'inci. Ba a yi tanadin soyayya ba. Tun daga ranar aka raɗa wa gidan ƙarshen layi, mai karkatacciyar katangar, suna Mai Ruku'u, kowa yana addu'ar kada ya faɗo masa.

Tiyamike tana aikin ne da sunanta, amma don mahaifiyarta Nambewe, wadda ta tsufa a ɗakin haya mai yoyo. Kafin damina ta wuce, Wongani ya zama mai rako ta gida, yana kiranta Ɗiyar Bokiti, ita kuma tana ce masa Injiniyana.

Sai dai akwai wata doka. Iyali ɗaya, gida ɗaya: idan biyu daga cikin masu ginin suka yi aure, ko bayan rabo ne, za a karɓe gidan matar, tunda mace ce ke bin miji. Wanda ya tsara dokar mutum ne mai ilimi ƙwarai, abin da ya manta kawai shi ne a nan ƙasar ƙabilar Chewa miji ne ke tarewa a gidan su matarsa.

Nambewe ta ajiye muciyar tuwon nsima ta dubi 'yarta.

"Wato tubalin da kika ɗauka har wuyanki ya kumbura, na dangin Gondwe ne? Shi ɗan arewa ne, Tiya. Su can biyan shanu suke yi su tafi da mace. Ke ki tafi garinsu Rumphi, ni in zauna ina tarar ruwa da kwano."

"Amayi, ba haka yake ba."

"Duka ba haka suke ba, sai an ɗaura."

Yamikani, ɗan mai gidan da suke haya, ya daɗe yana zagayen Tiyamike. Yanzu ya fara tuna cewa rufin ɗakinsu na bukatar gyara, kuma gyaran zai zo da sauri idan suka zama 'yan uwa. Shi ne ya tare ta a bakin famfo da albishir, fuskarsa cike da alhini na aro.

"Ba ki ji ba? Injiniyan naki ya cire sunansa daga ginin, ya hau motar arewa. Na ɗauka ya yi miki sallama."

Ta tambayi shugabar ƙungiyar masu ginin, ta ce gaskiya ne. Ta kira wayarsa, a kashe. Ta rubuta: "Da ka faɗa mini da bakinka, da na fi ganin girmanka. Na gode da rakiya."

Kwanaki suka wuce tana ɗaukar yashi ita kaɗai, ba ta yarda ta dubi ƙarshen layi ba. Amsar ta zo ana gobe rabo.

"Ɗiyar Bokiti, ƙauyenmu babu sabis sai an hau tudu. Na cire sunana ne don kada a taɓa gidan Amayi. Na zo in gaya wa Adada, mahaifina, cewa ni zan tare a gidanku. Ya ce ɗan da ya kwana ƙarƙashin rufin surukarsa kada ya ƙara kiransa uba. Ina hanya. Ba ni da gida yanzu ko ɗaya, sai wanda kika ba ni."

Ta karanta wa mahaifiyarta. Nambewe ta ci gaba da tsince wake.

Washegari aka taru a filin, aka yi jawabai masu tsawo a kan gidaje masu ƙanƙanta. Wongani yana can baya da jakarsa, ya rame, ƙurar hanya har gira. Da aka kira Tiyamike ta sa hannu a bokiti, ta zaro makulli, shugabar ta duba lambar, sai ta kasa riƙe dariya.

"Mai Ruku'u!"

Filin ya kaure da dariya. Tiyamike ta tsaya da makullin a tafinta, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na mene ne ba. Nambewe ta tashi a hankali, ta taka har gaban katangar, ta ƙare mata kallo daga sama zuwa ƙasa. Sannan ta juya ta nuna Wongani da sandarta.

"Kai, ɗan Gondwe. Kai ka karkata wannan?"

"Ni ne, Amayi."

"To ba zan kwana a ƙarƙashinta ni kaɗai ba. Wanda ya karkata ta ya zo ya zauna, in za ta faɗi ta faɗo mana tare."

An ɗaura auren bayan girbin masara. Babu wanda ya zo daga Rumphi sai ana shirin tashi, lokacin da wani dattijo mai tsohuwar kwat ya sauko daga bayan babur. Bai gaida ɗansa Wongani ba. Ya zagaya gidan, ya dafa katangar da hannu biyu ya tura da iyakar ƙarfinsa. Ba ta motsa ba.

"Aikin banza," in ji shi. "Amma za ta tsaya."

Sannan ya ɗora tafinsa a kan Tiyamike, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, 'yata. Ki riƙe mini shi. Ni na kasa."