Gadon Yaya Mu'mina

A unguwar Bolori, cikin garin Maiduguri, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. A gida kowa Auta yake ce mata, don ita ce ƙarama.

Auta yarinya ce mai kirki, amma tana da wani hali. Ba ta jira a gama magana. Da ta ji rabi, sai ta ƙarasa sauran a cikin kanta, kuma ta yarda cewa daidai ta ƙarasa. Tambaya kuwa, a ganinta, aikin 'yan aji ɗaya ne.

Asalinsu mutanen Konduga ne. Can suka baro gonarsu lokacin da rikici ya yi tsanani. Yanzu babanta, Ba Ajimi, yana sayar da albasa a bakin titi. Mamanta, Ya Turai, tana haɗa turaren wuta. Duk wanda ya bi ta layinsu da safe, ƙamshi ne zai nuna masa gidan.

A shekarar da aka yanke layukan waya a garin, abin farin ciki ya shigo gidan. Yayar Auta, Mu'mina, ta samu gurbin karatun likita a jami'a. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Auta kuwa ba ta bar kowa a makarantarsu ba sai da ta faɗa masa, har da mai gadi.

Da murna ta lafa, sai hidima ta taso. Ba Ajimi ya sayar da kekensa ya biya kuɗin makaranta. Ya Turai ta cire 'yan kunnenta aka sayi littattafai da farar riga. Abu ɗaya ya rage, shi ne wurin kwana.

Jami'ar tana can ɗaya ƙarshen gari. An hana hawa mashin. Hanya cike take da shingen sojoji, kuma da yamma akwai dokar hana fita. Ba Ajimi ya ce ba zai bar 'yarsa tana keta gari kullum ba. In ba a samu wurin kwana a can ba, sai dai ta haƙura da karatun bana. Baɗi kuwa babu wanda ya san ko gurbin zai jira ta.

Wata rana Auta tana wanke-wanke, sai ta jiyo muryar yayarta daga ɗaki.

"Mama, ranar Litinin za a rufe biyan kuɗin gado. In ban samu gado ba, shi ke nan."

A jami'a, idan an ce gado, ana nufin wurin kwana a ɗakin ɗalibai. Gadon ƙarfe yana can tuntuni, izinin kwana a kansa ake biya. Auta ba ta san haka ba. Ba ta kuma tambaya ba. Ta dai tsaya da soso a hannu, tana jin tausayin yayarta. Ashe don rashin gado kawai za a rasa likita?

Ranar Asabar da safe, Ya Turai ta jera kwalaben turare a cikin kwali. Turaren da ta daɗe tana tanadi ne, ya jiƙu ya yi kyau. Ta ɗora wa Auta a ka, ta ce ta kai wa Hajiya Jannat a layin baya. Hajiya ce take sayen turare da yawa tana kaiwa Kano, kuma kafin azahar za ta kama hanya.

"Ki riƙe da kyau, Auta. Wannan shi ne gadon yayarki."

Auta ta ce to.

A kan hanya akwai shagon wani kafinta, Baba Dzarma. Mutumin kudancin Borno ne, ya daɗe a Bolori, kuma kowa ya san shi da barkwanci. A ƙofar shagon akwai wani ƙaramin gado na katako a jingine. Wanda ya ba da aikinsa ya bar gari, bai dawo ya ɗauka ba.

Auta ta tsaya. Ta kalli gadon, ta tuna da kwalin da ke kanta. Nan take dabara ta faɗo mata. Me zai sa a je wurin Hajiya, a karɓo kuɗi, a dawo neman gado? Ga gado, ga turare. Har ta hango fuskar yayarta tana dariya.

Ta gaishe shi da "wushe", gaisuwar Kanuri, ya amsa yana murmushi. Ta tambaye shi ko zai karɓi turare ya ba da gadon don yayarta mai karatun likita. Baba Dzarma ya sosa kai. Bikin 'yarsa Praise ya kusa, kuma matarsa ta dame shi da zancen turare. A lokacin ma mutane da yawa suna musayar kaya, don kuɗi ya yi wuya.

Sai ya tambaye ta, "Ya Turai ce ta aiko ki?"

Auta ta san ba nan aka aike ta ba. Amma ta ce a ranta ai taimako take yi.

"Eh, Baba. Ita ta aiko ni."

Baba Dzarma ya aika da kwalin gidansa. Ya ce ba zai ba likita gado mai girgiza ba. Ya ƙara masa ƙusa, ya goge shi, ya shafa masa mai. Auta ta zauna a kan benci tana kaɗa ƙafa. Aka kira azahar tana nan. Neman mai amalanke ma ya ci lokaci.

A gida kuwa hankali ya tashi. A waɗancan shekarun, idan yaro ya daɗe a waje, uwa ba ta iya haɗiyar ko ruwa. Ga shi babu waya. Ya Turai ta yafa gyale ta tafi gidan Hajiya Jannat. Ta tarar Hajiya ta jira har ta gaji, ta tafi. Aka ce ba a ga Auta ba. Mu'mina ta bi layi-layi tana cigiya. Ba Ajimi ya bar albasarsa a hannun maƙwabci.

Bayan la'asar sai ga amalanke a ƙofar gida. Gado a sama, Auta a gaba tana tafiya da ƙasaita.

"Yaya, fito ki gani. Na samo miki gado."

Ya Turai ta rungume ta tukuna. Ta shafa kanta, ta duba hannuwanta da ƙafafunta. Sai da ta tabbatar lafiya take, sannan ta tambayi turare. Auta ta ba da labari tana murmushi. Tana cikin bayarwa ta ga babu wanda yake murmushi sai ita.

Mu'mina ta durƙusa a gabanta. A hankali ta yi mata bayanin abin da ake nufi da gado a jami'a. Da ta gama, ta shige ɗaki ta saki labule.

Ba Ajimi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rashin sani ba laifi ba ne, Auta. Amma me ya hana ki tambaya? Kuma me kika ce wa Baba Dzarma har ya yarda?"

Auta ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta faɗi ƙaryar da ta yi. Ba Ajimi ya ce da bakinta ta yi ta, da bakinta kuma za ta gyara. Ya kama hannunta suka fita da sauri, don a dawo kafin dokar hana fita.

A gaban Baba Dzarma da matarsa, Maman Praise, Auta ta durƙusa. Ta ce ba Mama ce ta aiko ta ba. Ta ce ta yi ƙarya, su yafe mata. Kuka ya hana ta ƙarasawa.

Baba Dzarma ya ce shi ma da nasa laifin, don ya kamata ya taka ya ji daga bakin Ya Turai. Maman Praise ta fito da kwalin. Ta riga ta buɗe kwalba biyu, ta ce waɗannan ta saya. Sauran ta miƙa musu.

Turare ya dawo gida, amma mai sayensa tana hanyar Kano. Ya Turai ta zaga gidajen da ta sani ranar Lahadi, ba ta sayar da abin kirki ba. Litinin ta zo ta wuce. Aka rufe biya, Mu'mina ba ta samu gado ba.

Gidan ya yi shiru. Mu'mina ta ninke farar rigarta ta sa a ƙasan akwati. Ba ta yi wa Auta faɗa ba. Har kitso ta yi mata. Wannan ya fi duka zafi a wurin Auta, don tana jin ɗigar hawayen yayarta a wuyanta.

Gadon yana tsakar gida. Kaji suka mai da shi wurin hutawa. Duk lokacin da Auta ta gan shi, sai ta kau da kai.

Ran nan ta dawo daga makaranta, ta zauna kusa da mamanta. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta.

"Mama, zan yi tambaya."

"Yi mana, Auta."

"Dole sai a cikin jami'a ake kwana? Babu wani wuri a kusa?"

Ya Turai ta ce akwai gidajen haya a bayan jami'ar, amma sun fi ƙarfinsu. Sai dai in ɗalibai sun haɗu sun raba kuɗin ɗaki. Su kuwa ba su san kowa a can ba. Auta ta tambaya ko za ta iya tambayar Baba Dzarma, tunda shi yana yawon aiki ko'ina. Ya Turai ta kalle ta, ta ce su je tare.

Ashe Baba Dzarma shi ma abin yana damunsa. Ya ce yana gyaran ƙofofi a wani gida a can, inda 'yan mata ɗalibai suke zama. Zai tambaya. Maman Praise kuma ta ce a ba ta wani abu daga turaren, za ta kai taron zumuntar mata na cocinsu.

Auta ta ce ita ma za ta yi nata. Kullum bayan makaranta, ta ɗauki kasko da ɗan garwashi ta bi mamanta gida-gida a layinsu. Ta zuba turare kaɗan, ƙamshi ya tashi, mata su yi ta shaƙa. Wasu su saya, wasu su ce Allah ya kawo kasuwa. Ƙafafunta suka yi ciwo, ba ta yi ƙorafi ba. A hankali kwalin ya zama fanko.

Sai ga Baba Dzarma da labari. Akwai 'yan mata biyu, Hassana da Rebeka. Su ma bana za su fara karatun likita, su ma ba su samu gado a ciki ba. Sun kama ɗaki, suna neman ta uku don nauyin ya ragu. Ba Ajimi ya je da kansa. Ya ga gidan, ya gana da dattijuwar da ke kula da shi, ya auna tafiyar da ƙafarsa. Ya dawo ya ce ya yarda. Da kuɗin turaren aka biya kason Mu'mina.

Ba Ajimi ya ce a mayar wa Baba Dzarma da gadonsa. Baba Dzarma ya ƙi. Ya ce gadon ya riga ya ji an kira shi na likita, ba zai yarda da wani ba. In Mu'mina ta gama karatu, ta duba masa ciwon bayansa, sun rabu lafiya.

Ranar tafiya aka ɗaure gadon a motar ɗaukar kaya. Auta ta zauna a tsakanin mamanta da yayarta. A kowane shinge sai sun sauka, a duba su, su hau. Wani soja ya tambayi ina za a kai gado. Auta ta ce na likita ne. Ya yi dariya, ya ɗaga musu hannu.

Ɗakin ƙarami ne, babu komai sai katifu biyu a ƙasa. Hassana da Rebeka suka tarbe su da fara'a. Da suka ji labarin gadon, suka yi dariya har Rebeka ta riƙe ciki. Suka ce za su riƙa kwana a kansa bi da bi, kuma duk wadda ba ta da lafiya ita ce mai gado. Auta ta ji kunya, amma ita ma ta yi dariya.

Da za su koma, ta riƙe hannun yayarta ta ƙi saki. Ta ce ta kusa hana ta zama likita.

Mu'mina ta durƙusa ta share mata hawaye.

"Auta, kin san abin da likita take fara yi in mara lafiya ya shigo?"

"Allura?"

"A'a. Tambaya take yi. Ina ke miki ciwo? Tun yaushe? In ba ta tambaya ba, sai ta ba mai ciwon ciki maganin ido. Zuciyarki mai kyau ce. Ki riƙa tambaya kafin ki taimaka, kuma ki faɗi gaskiya ko da kina ganin ƙarya ta fi sauri."

Auta ta gyaɗa kai. Sannan ta ce tana da tambaya ɗaya.

"Yaushe za ki zo gida?"

"Ranar Juma'a, in Allah ya yarda. Ki ajiye mini wurina."

Tun daga lokacin, in Auta ta ji maganar da ba ta gane ba, sai ta ɗaga hannu ta tambaya, ko a gida ko a aji. Ta gane cewa son taimako kaɗai bai isa ba. Sai an tambaya an fahimta, kuma sai an faɗi gaskiya.