Motocin Nababa da Ba a Yi Musu Juye

Duk wanda ya ce maka akwai motar da ba ta cin kuɗin gyara, tambaye shi abin da take ci.

Alhaji Nababa mutumin wani ƙauye ne a gefen Ɗambatta. Yana da manyan motoci uku da ke ɗaukar albasa da tumatir daga Watari su kai Kudu. Kamar yadda masu motoci kan yi, ya sa an rubuta sunan 'ya'yansa a goshin kowace: Munir, Hadi, da autarsu Aina'u. Yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta ranar juyen mai, ranar canjin birki da taya, da ranar da takardun kowace mota za su ƙare. Littafin nan shi ya hana shi sakewa. Kafin ya gama da inshora sai haraji ya taso, kafin ya numfasa gas ya ƙara kuɗi, ga bakanikensa Ɗahiru kullum da sabuwar magana. Yana ci yana sha, iyalinsa ba su rasa komai ba. Amma sa'o'insa sun yi benaye a Kano, shi kuwa yana nan yana sayen taya.

Wani dillalin albasa ne ya yi masa kwatancen wani boka. Da tsakar rana ya je, ya ajiye mashin a bakin gonar dawa ya ƙarasa da ƙafa. Wata tsohuwar marina ce da aka yi shekaru da barinta. Rijiyoyin rini duk sun cike da ƙasa sai guda ɗaya, an rufe bakinta da baƙar fatar bunsuru, an kewaye ta da ƙahonni ɗaure da jan ƙyalle. Ƙudaje sun yi dandazo a kan fatar, amma ba ka jin kukansu. Bokan siriri ne, hannayensa baƙi ƙirin har gwiwa. Ya riga ya aika wa Nababa cewa ya zo da littafin, da baƙin mai na kowane inji a kwalba daban.

Nababa ya faɗi buƙatarsa: mota ta daina lalacewa, jami'an hanya su daina tambayar takarda.

"Mai sauƙi," in ji bokan. "Amma daga yau sifanar bakanike ba za ta ƙara taɓa su ba. Ba juye, ba birki, ba taya. Littafin kuma a nan zai zauna."

"Nawa zan biya?"

"Ba na karɓar kuɗin masu mota. Ƙarfe dai dole ya ci, Alhaji. In ba a jikinsa ba, a wani jikin."

"Jikin wa? Ni fa ba zan ba da jinin kowa ba."

"Na ce ka yanka wani? Motocin suna da suna?"

 Nababa ya gane, kada wani ya ce muku bai gane ba. Sai ya faɗa wa zuciyarsa shekara ɗaya kawai zai yi ya dawo a warware. Ya ambaci sunayen uku. Bokan ya ɗaga fatar, ya tsiyaye kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana kiran kowane suna sau uku, sannan ya jefa littafin. Ba a ji faɗuwarsa ba.

Arziki ya zo kamar ambaliya. Motocin ba su ƙara kwana a gareji ba. A shingen hanya jami'i zai ɗaga hannu, sai ya sauke ya kau da kai. Direbobi suna sauke kaya su juyo a ranar. Nababa ya sallami Ɗahiru, ya gina bene, ya sayi fadamu. Shekara ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta, bai koma marina ba.

A shekara ta uku Munir, saurayi ɗan sha tara, ya fara kasa tsayawa. In ya tashi zuwa masallaci sai ya wuce ƙofar, sai an riƙo shi. Aka ɗaure shi a ɗaki, ya yi ta tafiya a wuri guda har tafin ƙafarsa ya zama sumul. Wata safiya ya tsinke igiya ya miƙe hanya. Masu ban ruwa sun gan shi yana kuka yana roƙon a tare shi, har ya shige ruwan dam ɗin Watari ya nutse.

Bayan wata bakwai zazzaɓi ya kama Hadi, jikinsa kamar garwashi. An ƙara masa jini leda biyar a asibiti, likitoci suka rasa inda yake tafiya. Ya bushe a kan gado ya cika.

Ɗahiru ya zo ta'aziyya. A zaure, cikin hira, ya ce shi abin da ke ba shi mamaki, birkin motar Munir tun bara ya kamata ya shanye, injin motar Hadi kuwa shekara uku ba juye ai ya ci a ce ya ƙone. Hure, matar Nababa, tana bayan ƙofa da kwanon abinci. Ta shigo tsakiyar maza ba ko mayafi.

"Alhaji, ina baƙin littafinka?"

 Daga ranar ba ta ƙara magana mai ma'ana ba. Sai ta zauna a ƙofar gida, duk motar da ta wuce ta tambaye ta ko ta ci abinci.

A lokacin ne idon Aina'u, 'yar shekara goma sha biyu, ya fara dishi-dishi. Nababa ya kira direban motar da ke ɗauke da sunanta, aka ce masa fitilun motar garau suke. Ya shafe sunan da fenti, washegari sunan ya fito. Ya ruga marina da takardun gidajensa duka, ya zube a gaban bokan ya ce a ba shi littafinsa.

"Rijiya ba ta mayar da ajiya."

"To zan kira bakanike ya gyara motar."

"Ranar da sifana ta taɓa ta, duk abin da ƙarfen ya tara zai sauka a kan yarinyar lokaci ɗaya. In ka sayar, sunan zai bi ta."

"In na ajiye ta fa?"

"Kai ne mai mota, Alhaji. Ka fi ni sanin abin da ke samun motar da aka ajiye."

Ya ajiye ta a bayan gida, ya lulluɓe da tamfal. Idon Aina'u ya tsaya inda ya kai, amma da damina ta sauka, tsatsa ta kama ƙarfe, gaɓoɓinta suka fara sandarewa. Batir ya yi sanyi, muryarta ta koma raɗa. Gidaje da fadamu sun tafi wajen neman magani. Yau Nababa yana nan da tsumma a hannu, yana goge ruwa daga jikin motar, abin da aka bar masa kaɗai ke nan. Tayar baya ɗaya ta zauna a makon jiya, ƙafar yarinyar ta hagu ta daina motsi. Sauran tayoyin yake kallo.

Ku masu mota, ku biya harajinku, ku yi juyenku, ku sayi tayarku kuna gunaguni. Wahala ce, amma ta kuɗi ce. Wanda ya kai buƙatarsa bakin rijiya ya bar Ubangijinsa, ba ragi ya samu ba. Mai biyan ne kawai ya canza, kuma a cikin gidansa yake.