Sakatar Babbar Ƙofa

"Yaya Saifullahi, don Allah ka daina bugunta! Ƙara nutsar da ita kake yi!"

Balkisu ce ta faɗi haka. Saifullahi, ɗan gwaggonta, bai ko waiwayo ba. Ya sake sauke guduma a kan sakatar, da irin himmar mutumin da ba ya fatan aikinsa ya yi nasara.

Gidan Alhaji Idrisu, mahaifin Balkisu, a garin Djougou gidan jikokin fataken goro ne, kuma yana da ƙa'ida guda da ba a taɓawa: lefe da amarya da gawa ta babbar ƙofa suke bi. Ƙaramar ƙofa ta 'yan aike ce da masu talla. Sai dai tun ranar da aka fitar da gawar mahaifiyar Balkisu ba a sake buɗe babbar ba. Damina ta bi damina, sakatar ƙasa ta yi tsatsa a raminta har ta zama ɗaya da siminti.

A waje kuwa, motar Zongon Parakou na tsaye cikin rana, ɗauke da lefen Ziyad, mai neman auren Balkisu, da gwaggonninsa. Sun riga sun aiko da saƙo cikin ladabi: ba za su shigar da akwatunan ɗansu ta ƙaramar ƙofa kamar kayan sata ba. In aka kira la'asar ƙofa na rufe, sun juya.

Gwaggo Azumi, mahaifiyar Saifullahi, ta gyara zama a kan tabarma.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma ƙofar da ta ƙi baƙo, ai ta san abin da ta gani. Ga ɗan gida a tsaye, an tafi neman na nesa..."

Balkisu ta zame bayan rumfa, ta kira Ziyad. Kunya ta hana shi matsowa gidan surukai, yana can shataletale yana jira.

"Sheri, kuka kike yi?" in ji shi, da sunan soyayyar da yake kiranta da shi.

"Ta ƙi motsi, Ziyad! Tun da watan nan ya kama nake zuba mata baƙin man da ka aiko..."

"Kwantar da hankalinki, hasken idona. In kawo injin yanka ƙarfe?"

"Rufa mini asiri! Ƙofar kakan Baba ce. Ka yanka ta, ka yanka auren."

"To in sun juya, gobe zan sake lodo su."

"Ba ka san gwaggonninka ba ke nan."

Ta ji gyaran muryar mahaifinta, ta cusa wayar cikin gyale ba tare da ta kashe ba.

Alhaji Idrisu bai ce ya ƙi auren ba, bai kuma taɓa cewa ya so ba. Tun da aka fara maganar, amsarsa ɗaya ce: Parakou da nisa. Ya fito riƙe da guntun bututun ƙarfe, ya miƙa wa Saifullahi hannu.

"Kawo gudumar. Sama muke so ta fito, kai kuma tun hantsi ƙasa kake aika ta."

Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa bakin ramin, ya shinshina yatsansa.

"Wa ke zuba baƙin mai a nan?"

"Ni ce, Baba," in ji Balkisu, kanta a ƙasa.

"Ashe ke ce. Ni kuwa kullum in na dawo sallar asuba kananzir nake zubawa, ina mamakin wanda ke riga ni."

Ta ɗago kai da sauri.

"Baba... kai ma?"

Ya kankaro wani farin gari daga gefen ramin, ya ɗanɗana.

"Wannan kuma gishiri ne. Da alama mu uku ne ke hidimar sakatar nan, sai dai na ukun ruwan gishiri yake ba ta."

Gwaggo Azumi ta shiga neman wani abu a ƙasan jakarta. Saifullahi ya tuna yana da aiki a ƙauyen Bariénou, ya sulale.

Alhaji ya zura bututun a hannun sakatar, ya dubi 'yarsa.

"Kama nan, uwata. Ba ja za mu yi ba, murɗawa za mu yi. Dama, hagu. A hankali."

Suka murɗa, ba ta motsa ba. Ya ƙwanƙwasa ta daga gefe, suka sake. Daga masallacin unguwa aka ji ladan yana gwada lasifika, a waje kuma direba ya tayar da mota.

"Baba, za su tafi!"

"Murɗa, na ce!"

Sakatar ta yi wata ƙara kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Jan ruwan tsatsa ya ɓulɓulo daga ramin, ƙarfen ya juya, ya taso sama a hannunsu. Balkisu ta zube zaune a ƙasa, tana dariya tana hawaye, baƙin mai duk ya ɓata mata lalle.

Alhaji ya dafa ƙofar, bai tura ba tukuna. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, don ita kaɗai.

"Rabona da buɗe ta, tun ranar da na fitar da uwarki. Ba yaron nake ƙi ba, Balkisu. Ƙofar nake tsoro."

"Yau shigowa za a yi, Baba."

"Na sani. Shi ya sa na sayi kananzir."

Ya tura. Ƙofar ta buɗe, guɗar matan Parakou ta cika gidan kafin motar ta gama shigowa. Gwaggo Azumi ma ta yi tata guɗar, gajeruwa.

Sai wata 'yar murya ta fito daga cikin gyalen Balkisu:

"Sheri? Ta buɗe? Sheri, ki yi magana mana!"

Balkisu ta rufe fuska da tafin hannu. Alhaji Idrisu ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya nufi masallaci. Sai da ya kai bakin ƙofar ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Ki gaya wa gyalenki ta buɗe. In yana da alwala, ya same ni a sahun gaba."